Bayani a Kan Ciwon Gaɓɓai na Zaizayar Guringuntsi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, dattawa da yawa sukan ji gwiwa ta ƙage wajen sujada da zaman tahiya, su ce sanyi ne ya kama su. Masana ilmin jiki kuwa sun gano asalin cutar a cikin gaɓar kanta yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 528 a shekarar 2019, kuma gwiwa ce ta fi kamuwa.

Ga yadda abin yake. A gaɓɓan da ke motsi, inda ƙashi biyu suka haɗu, Allah ya lulluɓe bakinsu da guringuntsi mai santsi, ya sa wani ruwa mai yauƙi a tsakani domin kada su gogi juna. Guringuntsin nan ba shi da jijiyar jini, daga ruwan nan yake samun abinci in gaɓa tana motsi, shi ya sa in ya lalace ba ya komawa kamar da. Da fari yakan yi laushi, sa'an nan ya tsattsage, ya zaizaye, har ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi tauri, gefensa ya tsiro ƙananan ƙahoni, tantanin gaɓa ya kumbura. Daga nan ne zafi yake fitowa, da ƙara in an lanƙwasa ƙafa, da ƙagewar safiya wadda galibi ba ta wuce rabin sa'a.

Sanadinsa ba ɗaya ba ne. Akwai tsufa, da gado, da tsohuwar karaya ko targaɗe, da ƙiba, gama gwiwa takan ɗauki ninkin nauyin jiki a kowane taku. Akwai yawan ɗaukar kaya da tsuguno shekara da shekaru, kamar yadda 'yan dako da manoma suke yi. Mata sun fi maza kamuwa, musamman bayan ɗaukewar haila. Masu cutar sikila kuma, ƙashin kwatangwalonsu yakan lalace tun da ƙuruciya.

To, tun da abin da ya zaizaye ba ya dawowa, hikima ita ce kiyaye saura. Mai ƙiba ya rage nauyi. Malami a kan buzunsa, da ɗan kasuwa a rumfarsa, su riƙa tashi suna tattaki, domin naman cinya mai ƙarfi shi ne majinginar gwiwa. A riƙe sanda, ba abin kunya ba ne. A guji shan ƙwayoyin kashe zafi barkatai, suna cutar da ciki da ƙoda, sai da shawarar likita. Wanda tsayuwa ta gagare shi kuwa, shari'a ta sawwaƙa masa ya yi salla a zaune.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalam.