Ƙanjamau ta ragu a Nijeriya, amma ina muka tsaya a Kadawa?

A 1986 aka fara sanar da ɓullar ƙanjamau a Nijeriya. Zuwa 2001, gwajin mata masu zuwa awon ciki ya nuna kashi 5.8 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayar HIV. Binciken gida-gida na 2018 kuwa ya samu kashi 1.4 cikin 'yan shekara 15 zuwa 49, aka kuma ƙiyasta mutum miliyan 1.9 na rayuwa da ita. Mace-mace sun ragu saboda magani, amma har yanzu dubban mutane na mutuwa kowace shekara.

Yankinmu na Arewa maso Yamma ya fi ko'ina ƙaranci, kashi 0.6. Wannan ne ke sa mu sakaci. Da rani, idan ruwan Tiga ya cika fadamun Kura da Bunkure, 'yan ci-rani da direbobi da dillalan tumatir sukan cika Kwanar Gafan, wasu su yi watanni ba iyali. Abin da mutum ya ɗauko can, gida yake kaiwa. A binciken nan, matan da suka kamu sun kusa ninka maza, kuma uwar da ba ta shan magani tana iya sa wa jaririnta a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Akwai kuma askar wanzami da allurar da aka maimaita.

Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Mu da muka daɗe da aure, dokar ba ta taɓa mu ba, sai mun kai kanmu. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.