Borrow da Lend

Borrow da lend kalmomin aikatau ne na Turanci da suka shafi aro da rance. Borrow na nufin karɓar aro, lend kuma bayar da shi. Borrow na tafiya da from, lend kuma da to.

A Hausa tushen ɗaya ne: "na ari littafi", "na ara masa littafi". Wannan na cikin dalilan da ke sa ɗalibai cewa "borrow me your pen". A daidaitaccen Turanci kuskure ne, yana iya jawo asarar maki a jarrabawa. Daidai shi ne "lend me your pen".

Turanci bai raba aro da rance ba. Ana amfani da kalmomin biyu ga kaya da kuɗi duka.