Asirin Magina Da Gobara Ta Tona

Ran 15 ga Afrilu 2019 wuta ta kama babbar majami'ar Notre-Dame da ke birnin Paris, a ƙasar Faransa. Rufin ya ƙone, hasumiyar tsakiya ta faɗi, amma bangayen dutse suka tsaya. An gyara ginin, aka sake buɗe shi a Disamba 2024. A cikin shekarun gyaran nan masana suka sami damar duba wuraren da ido bai taɓa kaiwa ba.

An fara ginin a 1163, zamanin Bishop Maurice de Sully. Tsayinsa daga ƙasa zuwa rufin ciki ya kai kamar mita 32. To, ta yaya magina marasa inji suka sa duwatsu suka zauna daram haka?

Da aka kwashe ƙonannun katakai, sai ga manyan ƙarafa masu lanƙwasa a bakinsu biyu, an kafa su bisa bango, kowane yana riƙe da duwatsu biyu kada su rabu. Aka kuma sami irinsu a wasu sassan ginin. Wani masani, Maxime L'Héritier, da abokan aikinsa suka gwada shekarunsu. Ga dabarar: maƙeran dā da gawayi suke narka tama, ɗan burbushin gawayin nan kuwa yakan saura cikin ƙarfen, da shi ake ƙirga shekaru. A 2023 suka bayyana cewa waɗansu ƙarafan tun wajen 1160 aka ƙera su. Ashe magina na farko ne suka sa su, tun ana aza ginin.

A 2022 kuma masu tonon ƙasa suka haƙa tsakiyar majami'ar, suka tarar da gutsattsarin dutse fiye da 1,000. Ragowar wata katanga ce mai ado da aka sassaƙa wajen 1230, aka rushe ta a farkon ƙarni na 18, aka binne. Akwai fuskoki da hannuwa da ganyaye, daga labarin shan wuyar Yesu Almasihu. Har yanzu da sauran shuɗi da ja da ruwan zinariya a jikin da yawa cikinsu. Mun saba ganin gine-ginen nan da launin toka, amma masu su da launi suka ƙawata su.

Yawancin mutanen nan ba a rubuta sunayensu ba. Abin da suka bari shi ne 'yar alama da masassaƙi kan yi a jikin dutsen da ya gyara, don a san aikin wane ne.

Ya ku iyaye, akwai abin lura a nan. Sau da yawa mukan ɗauka sana'ar hannu ta yaron da boko ya gagara ce. Amma maginin da ya san inda dutse zai motsa, ya ɗaure shi da ƙarfe, ilimi gare shi mai zurfi. Ya kuma yi aikin a wurin da mai biyansa ba zai gani ba, bai yi ha'inci ba. Bayan shekara 850 wuta ta gwada aikinsa, ya tsaya. Mu koya wa 'ya'yanmu girmama mai sana'a, mu kuma koya musu yin aiki da gaskiya ko da ba mai dubawa.