BABI NA UKU: MATAKAN TSARO DA RAYUWAR YAU DA KULLUM A BIRNIN KANO BAYAN HARIN 20 GA JANAIRU, 2012

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda matakan tsaron da aka ɗauka bayan harin ranar 20 ga Janairu, 2012 suka sauya rayuwar mazauna birnin Kano. Abin da ake nufi da rayuwar yau da kullum a nan shi ne harkokin da mutum yake gudanarwa daga wayewar gari zuwa dare, kamar fita kasuwa da zirga-zirga a kan hanya da neman abinci da halartar wuraren ibada. Za a dubi al'amarin ta waɗannan fuskoki, domin a gano matakan da suka wuce da waɗanda suka bar tabo, da kuma mutanen da nauyinsu ya fi faɗawa a kansu.

3.1 Taƙaitaccen Bayanin Harin

Da yammacin ranar Juma'a, 20 ga Janairu, 2012, 'yan ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram suka kai hare-hare da bama-bamai da bindigogi a wurare daban-daban na birnin Kano, kusan a lokaci ɗaya. Daga cikin wuraren akwai hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, da hedikwatar 'yan sandan jiha da ke Bompai, da ofishin 'yan sandan ciki, da ofishin fasfo na hukumar shige da fice. Hukumomi sun bayyana cewa aƙalla mutum 185 ne suka rasu, kuma mafi yawansu fararen hula ne. A daren ne gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa dokar hana fita ta awa 24. Bayan haka aka baza rundunar haɗin gwiwa ta sojoji da 'yan sanda, wato JTF, a cikin birni da kewayensa.

3.2 Dokar Hana Fita da Sauyin Lokaci

Kamar yadda aka sani, Kano gari ne na ciniki wanda ba ya barci da wuri. Akwai sana'o'i da dama waɗanda kasuwarsu ba ta ci sai bayan magariba, alal misali sana'ar mai shayi da mai tsire da mai balangu da mai ƙosan dare. Ko da aka sassauta dokar ta koma ta dare kawai, masu irin waɗannan sana'o'i ba su sami sauƙi ba, domin kuwa lokacin da aka hana fita shi ne ainihin lokacin neman abincinsu.

Haka nan, 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari sun koma rufe shaguna da wuri domin su isa gida kafin lokacin doka ya cika. Wannan ya rage tsawon yinin ciniki, ya kuma jawo cunkoso a kan tituna da yamma, tun da kowa yana son tashi a lokaci ɗaya. Bugu da ƙari, majalisar hira ta ƙofar gida da makarantun dare da shagulgulan biki duk sun ja baya. Iyalin da ke da mai naƙuda ko marar lafiya cikin dare kuwa, sai sun yi shawara kafin su kama hanyar asibiti.

3.3 Shingayen Bincike

Mataki na biyu da ya taɓa kowa shi ne kafa shingayen bincike da buhunan yashi da ganguna a manyan hanyoyi, musamman mashigan gari kamar titin Zariya da na Katsina da na Haɗeja da na Maiduguri. Hanyoyin da suka bi ta gaban ofisoshin jami'an tsaro kuwa, an toshe wasu, wasu kuma an matse su. A irin waɗannan wurare akan buƙaci mai mota ya buɗe but, mai babur kuma ya sauka ya tura babur ɗinsa har sai ya wuce shingen.

Dalilin wannan a fili yake, wato maharan sun fi amfani da babura wajen harbin jami'an tsaro su tsere. Sai dai kuma matakin ya tsawaita gajeriyar tafiya, ya ƙara kuɗin dakon kaya, ya kuma sa baƙin 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru suka riƙa ɗari-ɗari da shigowa sari. Har ila yau, jama'a sun yi ta koke-koke a kan wulaƙanci da karɓar na-goro a wasu shingayen. Wannan kuwa yana da illa ga tsaron kansa, domin mutumin da aka ci wa mutunci da safe ba zai kai wa jami'in tsaro rahoton abin da ya gani da yamma ba.

3.4 Hana Acaba

A ranar 19 ga Janairu, 2013, aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari. Sarki ya tsira, amma wasu daga cikin mutanensa sun rasa rayukansu. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni. Da wannan doka matasa masu yawa suka wayi gari ba su da sana'a, wasu suka koma ƙauyukansu, wasu suka tafi wasu jihohi.

Gurbin da acaba ta bari, babur mai ƙafa uku ne ya cike shi, wato A Daidaita Sahu. Asali an shigo da shi ne a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau domin ɗaukar mata, amma daga 2013 sai ya zama abin hawan kowa da kowa. Sai dai kuɗinsa ya fi na babur nesa ba kusa ba, don haka wanda a da yake da babur na kansa sai ya koma yi wa mai shi aiki yana kai balas kullum. Ga shi kuma ba ya shiga ƙananan lungunan cikin gari kamar yadda babur yake yi.

3.5 Wuraren Ibada da Tarukan Jama'a

Hare-haren da suka biyo baya sun nuna cewa ba ofisoshin hukuma kaɗai ake nufi ba. An kai hari a kan Kiristoci masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilu, 2012, da tashar motoci ta New Road da ke Sabon Gari a watan Maris, 2013, sannan da Babban Masallacin Juma'a na cikin gari a ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Saboda haka jama'a da kansu suka ɗauki nauyin bincike. 'Yan agaji da matasan unguwa suka riƙa duba masu shiga masallatai da majami'u da na'urar hannu, aka kuma hana ajiye ababen hawa kusa da sahu. Irin wannan bincike ya fi samun karɓuwa, tun da mai binciken da wanda ake bincika sun san juna.

3.6 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya cewa matakan tsaron da aka ɗauka a Kano iri biyu ne. Akwai waɗanda suka wuce bayan ƙura ta lafa, kamar dokar hana fita da yawancin shingayen cikin gari. Akwai kuma waɗanda suka sauya fasalin birnin, kamar hana acaba. An kuma ga cewa ko da yake an ɗauki matakan ne domin kare kowa, nauyinsu ya fi faɗawa a kan masu ƙananan sana'o'i waɗanda sai sun fita suke samun na cefane. Wannan ya nuna cewa duk lokacin da hukuma za ta rufe wata hanya ko ta hana wata sana'a saboda tsaro, wajibi ne ta yi la'akari da inda masu ci daga wurin za su koma.