Yadda Ƙashin Ƙafa Ya Bayyana Babbar Mujiyar Kyuba

A shekarar 1954 aka tono wasu ƙasusuwan tsuntsu a kogon Pío Domingo da ke lardin Pinar del Río, a yammacin tsibirin Kyuba, kuma girmansu ya kai matuƙar da masanin ƙasar, Oscar Arredondo, ya ɗauka cewa na wani dangin manyan tsuntsaye ne masu cin nama marasa tashi, waɗanda suka taɓa rayuwa a Kudancin Amurka. Da wannan fahimta ya raɗa wa tsuntsun suna Ornimegalonyx oteroi a 1958. Sai a 1961 ne Pierce Brodkorb na Jami'ar Fulorida ya nuna cewa mai ƙasusuwan mujiya ce, wadda ta ƙare daga doron ƙasa shekaru dubbai da suka wuce.

Girma ne ya ruɗi mai binciken farko, alhali kuwa girma shi ne mafi raunin hujja a wannan fage, domin dabbobin da suka daɗe a tsibiri sukan ƙaru ko su ƙanƙance fiye da 'yan'uwansu na babban yanki. Abin dogaro shi ne siffar ƙashi, musamman dogon ƙashin nan da ke tsakanin sangali da yatsu, wanda ƙarfinsa kan sa ya wanzu bayan ƙoƙon kai da haƙarƙari sun rududduge. A ƙarshensa akwai dunƙule uku inda yatsu ke haɗuwa, kuma a wurin mujiya dunƙulen waje yakan karkata baya, saboda takan juya wannan yatsa ta damƙe abin farauta da akaifu biyu gaba, biyu baya. Sangalinta ma ba shi da 'yar gadar ƙashi da ke rufe jijiya kusa da gaɓa, wadda akasarin tsuntsaye suke da ita. Masani yakan jera guntun da aka tono kusa da ƙasusuwan mujiyoyin yau, ya auna tsawo da kauri, ya bi kowane rami da tudu.

Daga nan aka ƙiyasta cewa tsayin mujiyar Kyuba ya kai kimanin mita 1.1, nauyinta kuma bai gaza kilo 9 ba. Ƙasusuwan fiffikenta gajeru ne, tudun ƙashin ƙirji inda naman tashi ke kamawa ya ragu ƙwarai, ƙafafu kuwa dogaye ne masu ƙarfi, abin da ke nuna cewa a ƙasa take yawancin farautarta. Ana kyautata zaton cewa hutiya, wata dabba mai kama da gafiya, tana cikin abincinta.

Tarkon girma bai ƙare a nan ba. A 1982 Arredondo ya ƙara sunayen jinsi uku bisa bambancin girman ƙasusuwa, amma binciken da aka yi daga baya ya mayar da su ƙarƙashin jinsin farko, tun da a mujiyoyi mace takan fi namiji girma, kuma ƙasusuwa biyu masu bambancin tsawo suna iya zama na jinsin mujiya ɗaya.