Rusau da Sabon Gini a Tsakiyar Kano: Halin Ƙaramin Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya san tsakiyar Kano shekaru ashirin da suka shige, idan Allah ya nufe shi da komowa yau, ya bi ta Ƙofar Nasarawa ya gangara Fagge ya ɓulla Sabon Gari, lalle zai tarar gari ya sake kama, gama gadojin sama sun haye hanyoyin da ake cunkushewa a dā, benayen da ake kira filaza sun maye gurbin tsofaffin kantuna, kuma filayen da aka sani sun zama shaguna, waɗansunsu ma sun sake komawa fili. Sauyi dai ba baƙo ba ne ga birnin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa wa Kasuwar Kurmi tun ƙarni na 15, wanda kuma isowar jirgin ƙasa a 1911 ta ja cinikinsa zuwa bayan ganuwa, har Kantin Kwari da Sabon Gari suka bunƙasa. Abin da ya cancanci nazari shi ne halin mai ƙaramin jari, wanda ba a shawara da shi ran da ake zana taswira, alhali kuwa a kansa hukuncinta yake sauka.

Jarrabawar da ta same shi a 'yan shekarun nan ba kaɗan ba ce. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. A daminar 2022 ruwa ya malale Kantin Kwari ya lalata diloli na atamfa da shadda, aka kuwa ɗora alhakin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. Sa'an nan a watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi zamanin wadda ta gabace ta, bisa hujjar cewa filin na jama'a ne. Masu shagunan suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga bisani aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum ya ba gaskiya a wannan jayayya, ba zai musa cewa wanda ya fi kowa shan wuya shi ne ɗan haya da ɗan tebur ba, tun da yake su ba su da takardar fili da za su nuna wa alƙali.

To, yaya aka yi mutanen nan suke miƙewa bayan kowace faɗuwa? Amsar tana cikin yadda mu'amala take gudana a ƙofar shago ɗaya tak. Je ka Kwari da hantsi ka tsaya: ga maigida zaune da littafin bashi, ga yaran shago biyu suna warware turmi suna ninkewa, ga ɗan kayi-nayi ya jawo baƙo daga Maraɗi ko Injamena yana jiran la'adarsa, ga ɗan dako ya sunkuya a ɗora masa dila, ga kuma mai abinci ta ajiye kwano ta wuce ba ta karɓi ko kwabo ba, domin ta san da la'asar za a biya ta. Ɗan teburin da ke bakin ƙofar kuwa, kayan da yake sayarwa na maigidan ne, ya ɗauka da safe a kan amana, da yamma ya kawo uwar kuɗi ya riƙe ribarsa. Idan yaro ya yi shekaru yana hidima ba a same shi da ha'inci ba, sai maigida ya yaye shi da jari, su raba riba, wanda shi ne asalin abin da malaman fiƙihun Malikiyya suke kira ƙiradi, ko da yake yawancin masu yinsa ba su taɓa jin sunan ba. Saboda haka ran da wuta ta ci shagon mutum, sai babban dila ya ba shi kaya bashi, 'yan adashe su ba shi kwasar da ba tasa ba, maƙwabci ya matsa masa gefen rumfa, har ya farfaɗo.

A nan ya kamata a tuna da kantin Shoprite, wanda ya buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 da gagarumin biki, ya kuma rufe a watan Janairu na 2024 da lissafi ya ƙi fita. Ba abin dariya ba ne, gama mutane da yawa sun rasa abincinsu. Sai dai ya nuna cewa babban kamfani yana iya naɗe tabarmarsa, amma wanda ake binsa bashi a layi ɗaya, yake kuma bin waɗansu a layi na gaba, ba shi da inda za shi.

Haƙiƙa gyaran gari lalura ne. Kasuwar da motar kashe gobara ba ta iya shiga lungunanta tana bukatar gyara, haka kuma magani ba ya jure ajiya a rumfar kwano cikin zafin bazara, wanda yana cikin dalilan da suka sa aka tashi masu sayar da shi daga Sabon Gari a watan Fabrairu na 2024, aka mai da su Dangwauro a hanyar Zariya. Amma malamai sun ce ba a gusar da cuta da cutar da ta fi ta, kuma idan hukuma ta ƙiyasta kuɗin bulo da kwano ta biya mai gini, ta manta da masu ciniki da aka shekara ashirin ana tarawa, da mutum goma da suke ci a ƙofar shagon, to, ba ta biya ko rabin abin da ta rushe ba.

Muna kira ga mahukunta da su riƙa ba da wa'adi mai tsawo, su gama sabon wuri kafin su taɓa tsohon, su tashi sana'a gaba ɗayanta da 'yan dakonta da masu abincinta, su kuma sa kuɗin hayar da mai ƙaramin jari zai iya. Su kuwa shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, wajibi ne a kansu su rubuta sunan kowane ɗan haya da ɗan tebur tun kafin ranar bukata, su kuma hana 'yan'uwansu gini a kan kwata da hanya, ko da wane ne ya sa musu hannu a takarda.