Keke Mai Batir a Hanyar Jega: Zaɓen Inji da Gardamar Kuɗin Fito

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar hanyoyi ta Jega da sassafe a lokacin kakar albasa ya san irin hidimar da babur yake yi wa mutanen wannan yanki. Wani ya ɗauro buhu daga Aliero, wani malamin makaranta ne da zai gangara wajen Maiyama, wani kuma ya nufi fadama da jarkar mai don injin ban ruwa. Tafiye-tafiyen nan duk gajeru ne, ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya, babu wani tudun a zo a gani. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, gajeriyar tafiya ta koma mai tsada. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 sai da ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wannan ne ya sa mutane suka fara waiwayar tsohon abokinsu, watau keke, suna tambaya ko za a iya ɗaura masa inji mai aiki da batir.

Za a iya, kuma lissafin kimiyya yana goyon bayan mai wannan tunani. A cikin litar fetur ɗaya akwai makamashin da ya kai kimanin wat-awa 9,000. In ƙaramin babur ya yi kilomita 40 da ita, ya ci wat-awa 225 ke nan a kowace kilomita, mafi yawansu kuwa zafi suka zama suka bi iska. Keke mai batir, a kan kwalta, da mutum guda yana ɗan taimakawa da feda, yakan ci tsakanin 10 zuwa 15 ne kawai. Ba sabon abu ba ne kuma: tun 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai inji a cibiyar ƙafar baya, kamfanin Yamaha ya fitar da nasa kasuwa a Japan a 1993, a ƙasar Sin kuwa adadin irin waɗannan kekuna ya wuce miliyan 300. Sai dai mai saye a Jega ba ya cikin halin mai saye a can. Shi yana da zafin bazara, da ƙurar hunturu, da kaya masu nauyi, da wutar da ba kullum take samuwa ba. Da waɗannan zai auna kayan da aka miƙo masa.

Yadda injin yake

A cikin injin akwai abubuwa biyu: naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe da ke tsaye wuri guda, wadda masu gyaran fanka ke kira kwayil, da jerin maganaɗisu da ke kewaye da ita. In wuta ta ratsa kwayil sai shi ma ya zama maganaɗisu, ya jawo na kusa da shi. Wani ɗan akwati mai sarrafa wuta shi ke sauya wa kwayil-kwayil ɗin wuta bi da bi, ta yadda maganaɗisun kullum yana bin abin da ba zai cim masa ba. Wannan bi shi ne juyawar ƙafar keke.

Iri uku ake samu a kasuwa. Na farko babban inji ne a cibiyar ƙafa, marar giya ko ɗaya. Abin da zai lalace a cikinsa kaɗan ne, amma yana da nauyi, ba shi da kuzari wajen tashi daga tsaye, kuma ranar da batir ya ƙare mai keke zai ji kamar ana riƙe masa ƙafa. Na biyu shi ma a cibiyar ƙafa yake, sai dai ƙarami ne, yana juyawa da sauri, wasu 'yan giyoyi na roba mai tauri suna rage saurin kamar ninki biyar su mayar da shi ƙarfin murɗawa. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi iya tashi da kaya, amma haƙoran robar nan sukan cinye in an matsa musu. Na uku a wurin feda ake ɗaura shi, ya ja sarƙar keken, ya amfana da giyar keken kanta. Shi ne gwanin hawan tudu, shi ne kuma mafi tsada, ga cin sarƙa. A ganina mutumin Jega ko Maiyama da ya sayi wannan na uku ya biya kuɗin tudun da ba shi da shi. Malamin makaranta da ɗalibi, na biyun ya ishe su. Mai jigilar albasa a kan kwalta kullum, na farkon zai fi jure masa.

Masu sayarwa sun fi son nuna lambar wat da ke jikin inji, 250 ko 500 ko 1,000, kamar dai ita ce komai. A Tarayyar Turai doka ta tsayar da keke irin wannan a wat 250, kuma injin ya daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa, duk da haka mutane na zuwa aiki da shi. Abin da ke kashe inji a ƙasarmu zafi ne. Ɗaliban kimiyyar lantarki sun san ƙa'idar: zafin da waya ke fitarwa yana tafiya ne da ninkin wutar da ke bin ta a kan kanta. In wutar ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Inji kuwa ya fi jan wuta sa'ad da yake tafiya a hankali da kaya masu nauyi, alal misali cikin yashin hanyar gona da buhu mai kilo 100 a baya. A watan Afrilu iskar da za ta sanyaya shi ita kanta ta haura digiri 40. Maganaɗisun da ake sawa, na sinadarin niyodimiyam ne haɗe da baƙin ƙarfe da boron, wanda aka gano a farkon shekarun 1980 a Japan da Amurka. Mai arahar cikinsa yakan fara rasa ƙarfinsa, rasawar da ba ta dawowa, da zarar ya wuce digiri 80. Wanda aka ƙara wa sinadarin disfurosiyam ya fi haka juriya nesa ba kusa ba. Mai karatu ya riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi a wajen 'yan siyasa.

Batir, inda kuɗin yake

A nan ne ya kamata mai saye ya fi daɗewa, domin batir shi ne mafi tsada, shi ne mai saurin mutuwa, shi ne kuma mai iya tayar da gobara. Girman batir ana samunsa ne in an ninka bolt da amfiya-awa. Batir mai bolt 48 da amfiya-awa 13 yana ɗauke da wat-awa 624. In an raba da 15 za a sami kilomita 41. In kaya sun yi nauyi aka koma cin 25 a kilomita, sai tafiyar ta tsaya a 25. Wanda ya ce maka irin wannan batir zai kai ka kilomita 100 ba tare da ka taka feda ba, labari yake ba ka.

In aka buɗe batirin litiyam, ƙananan batura za a tarar, masu kama da na tocila. Sananniyar cikinsu ana kiranta 18650, saboda kaurinta milimita 18 ne, tsawonta 65. Kowace tana ba da bolt 3.7, in an jera 13 a layi sai a sami 48, kuma caja mai dacewa da su ita ce mai tsayawa a bolt 54.6. Ta ƙwarai a cikinsu ba ta wuce miliamfiya-awa 3,500 da wani abin kirki, saboda haka duk wadda aka rubuta wa 9,900 jabu ce. Ga kuma wata dabara da ba ta bukatar komai sai sikelin mai awo: kowace ƙwaya ta gaskiya nauyinta wajen giram 45 ne. Batirin da muka yi misali da shi yana bukatar layi huɗu, watau ƙwaya 52, nauyinsu kaɗai ya haura kilo 2.3, ban da kwanso da wayoyi. In aka ɗora a sikeli aka ga kilo ɗaya da rabi, ciniki ya ƙare.

Akwai wani irin litiyam da ake haɗawa da baƙin ƙarfe da fosfet, irin wanda ya yawaita a batiran sola na gidaje. Ya fi nauyi, amma ya fi jure zafi, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma yakan yi caji dubu biyu ko fiye, alhali na farkon yakan gaji bayan 'yan ɗaruruwa. Ga ƙasa mai zafi kuma shimfiɗaɗɗiya, ƙarin kilo biyu ba abin damuwa ba ne. Batirin dalma irin na mota ya fi su duka araha ranar saye, sai dai nauyinsa yakan cinye rabin amfanin keken. Ko wanne aka zaɓa cikin na litiyam, lalle ne ya kasance da allon tsaro a ciki, wanda ke yanke wuta in caji ya cika ko ya yi ƙasa ainun. Kada a yi caji a cikin rana, ko nan take bayan doguwar tafiya, domin cajin litiyam sama da digiri 45 yana rage masa kwana. Kada kuma a bar shi a kan caji a ɗakin da ake barci, balle kusa da rumbu. Wanda ke da faifan sola mai wat 200 zai iya cika batirin nan a yini guda mai rana sosai.

Saura jikin keken. An ƙera shi ne don ƙarfin ƙafar mutum, don haka wurin da gindin injin ya zauna yana bukatar ƙarin ƙarfen da zai hana shi murɗewa, aikin da kowane mai walda zai iya. Wayoyin wili su zama masu kauri. Birki kuwa, in gudu ya ninka biyu, aikinsa ya ninka huɗu.

Wa zai ƙera, wa zai biya?

Kusan duk abin da muka lissafa daga ƙasar Sin yake zuwa. Nan ne gardama take tashi. Wasu na cewa a buɗe ƙofa, a sauke kuɗin fito, talaka ya samu da araha. Wasu na cewa a tsananta haraji har sai masana'antun gida sun tsaya da ƙafarsu. Mutanen Kebbi ba baƙin wannan gardama ba ne, sun gan ta a kan shinkafa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Nuwamban 2015, sa'an nan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Manomi ya ji daɗin farashi, mai saye a kasuwa ya koka, 'yan fasa-ƙwauri kuma ba su bar bin daji ba.

Masu son kariya sukan kafa hujja da Turai, kuma hujjar tana da ƙarfi. Tun 1993 Tarayyar Turai ta ɗora wa kekunan Sin haraji na musamman, a 1997 ta faɗaɗa shi zuwa wasu sassan keke don kada a shigo da shi a wargaje, a Janairun 2019 kuma ta sa wa kekuna masu batir harajin da ya kama daga kashi 18.8 zuwa 79.3 cikin ɗari. A waccan shekarar ƙasar Fotugal ce ta fi kowace ƙasa a Tarayyar ƙera kekuna. Amma Turai tana da masana'antar da take karewa tun kafin ta sa harajin. Mu kuwa mun taɓa haɗa keken Rali a Kano, da motar Peugeot a Kaduna tun 1975, yawancin sassan daga waje suke zuwa; da darajar Naira ta faɗi bayan 1986 sai haɗawar ta ja baya. Irin wannan ta sake faruwa a idon ɗaliban yau: Dala guda da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Babu wani rangwamen kwastan da zai cike wannan rami, ko da yake a 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT a kan ababan hawa masu lantarki.

Kuskuren ɓangarorin biyu, a nawa ra'ayi, shi ne ɗaukar keken a matsayin abu guda. Shinkafa ƙasarmu na iya fitar da ita daga iri har buhu. Keke mai batir ba haka yake ba. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na maganaɗisun da muka ambata a Sin ake yin sa, kuma a Afrilun 2025 Sin ta wajabta neman izini kafin fitar da wasu ma'adinai bakwai, ciki har da disfurosiyam. Manyan kamfanonin motoci na Turai da Amurka sai da suka girgiza. Harajin Nijeriya, komai tsananinsa, ba zai sa a fara yin maganaɗisu a Jega ba, sai dai ya ƙara wa malamin Maiyama tsada. Haka ƙwayoyin batir. Gaskiya ne muna da dutsen litiyam, har an buɗe masana'antar tace shi a jihar Nasarawa a Mayun 2024, amma tsakanin dutse da ƙwayar batir akwai matakai da yawa waɗanda ba mu taka ba tukuna.

Gangar jikin keke, da kariyar ɗaukar kaya, da ɗaurin wili, da jera ƙwayoyi a haɗa batir, da sake naɗin kwayil in ya ƙone, waɗannan kam aikin hannun mutanenmu ne, ko kuma aikin da za su koya cikin 'yan watanni. Jadawalin harajin bai-ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya fara aiki a 2015, dama hawa biyar gare shi: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma manufarsa ita ce kayan haɗi su zauna a ƙasa, gamammen kaya a sama. Abin da ya rage shi ne a zauna a tantance wane sashe ne zai hau wane mataki, a kuma tsaurara binciken inganci a kan batir, domin jabun batir da ya shigo ba haraji ya fi mai tsadar cutarwa.

Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da abin yi a nan, haka ma makarantun sakandare. Malamin kimiyya da ya ari keke guda da ƙaramin ma'aunin wat zai iya sa ɗalibai su auna cin wuta a hanyar Jega zuwa Aliero, sau ɗaya ba kaya, sau ɗaya da buhu, su kuma taɓa ma'aunin zafi a jikin injin da zarar an sauka. A maimaita a watan Janairu, a sake a watan Afrilu, a rubuta lambobin a littafi guda.